Wa ke yanke abin da za a kalla? Yadda tashoshin talabijin na jama'a a Amurka ke tsara shirye-shiryensu

Duk wanda ya saba da GTV a Gana ko CRTV a Kamaru ya san yadda abin yake: a babban birni ake zama a tsara komai, abin da aka saka a can shi kowa zai gani. A Amurka ba haka ba ne. Mutum biyu, ɗaya a New York ɗaya a Alabama, za su iya kunna PBS a dare ɗaya, kowa ya tarar da shirin da ba na ɗan'uwansa ba.

Dalili kuwa shi ne PBS, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 1970, ba ta mallaki tasha ko ɗaya ba. Akwai tashoshi sama da 300 a faɗin ƙasar, wasu na jami'o'i, wasu na gwamnatocin jihohi, wasu na ƙungiyoyin mutanen gari. Su ne mambobi, su ke biyan kuɗin shekara. Yawancin manyan shirye-shiryen ma ba PBS ke yin su ba. Tashar GBH ta Boston ke yin Nova da Frontline, WNET ta New York ke yin Nature, labaran NewsHour kuma daga WETA ta yankin Washington suke fitowa. Aikin PBS ta tattara ta rarraba.

To, sai shirin ya iso gari. Kowace tasha na da jami'in tsara jadawali, kuma shi ne zai ce a saka yau, ko a ajiye sai Lahadi, ko a bar shi kwata-kwata. Amma ba a sakar masa mara gaba ɗaya ba. Akwai wasu manyan shirye-shiryen dare da PBS ke buƙatar a nuna su a ranar da ta tsayar, don kamfanin da ya zuba kuɗi a shiri ba ya son ya ji wai an tura abinsa ƙarfe biyun dare. Safiya galibi ta yara ce, irin su Sesame Street da aka fara tun 1969. Sauran lokacin, musamman Asabar da Lahadi, nan jami'in ke cin karensa babu babbaka: ya sayo wasan barkwanci daga Ingila, ko ya ɗauko shirin girki daga masu rarrabawa irin su American Public Television. Shirin zane na Bob Ross da duniya ta sani, a wata ƙaramar tasha ta garin Muncie a jihar Indiana aka riƙa ɗaukarsa.

Wannan iko ba na wasa ba ne. A watan Mayu na 2019, talabijin ɗin jama'a na jihar Alabama ya ƙi nuna wani kashi na Arthur, zanen yara, saboda akwai auren jinsi a ciki. Suka saka tsohon kashi a madadinsa. An yi ta cece-ku-ce, amma PBS ba ta da yadda za ta tilasta musu. Wannan ikon ne kuma ya ba tashar TPT ta Minnesota damar watsa bayanan lafiya da na gaggawa da harshen Somaliyawa da na 'yan Hmong, domin su ne maƙwabtanta. A San Bernardino ta California, tashar KVCR ta buɗe FNX a 2011, kafa ta musamman don 'yan asalin ƙasar. Ka ga ke nan, ƙaramar al'umma ba sai ta je Washington neman a ji muryarta ba, ƙofar tana cikin gari.

Sai dai a gaskiya, wanda ya fi jami'in jadawali ƙarfi shi ne aljihu. Doka ta hana waɗannan tashoshi talla irin ta 'yan kasuwa. Ana ambaton sunan mai tallafi a farkon shiri da ƙarshensa, amma ba a faɗin farashi, ba a cewa ku zo ku saya. Don haka sau da dama a shekara tasha kan ture shirye-shiryen da aka saba, ta shiga makon neman gudummawa. A lokacin za ka ga an cika dare da wasannin tsofaffin mawaƙa da laccocin likitoci kan tsufa, ana yi ana katsewa ana roƙo. Me ya sa? Masu ba da kuɗin yawancinsu dattawa ne, kuma jami'in ya san abin da ke sa su ɗaga waya. Mai abu shi ke da kiɗa. Unguwar da ba ta aika ko kwabo, da wuya a tuna da ita ranar da ake raba lokaci.

Har manyan tashoshi kuɗi ya taɓa juyawa. KCET ta Los Angeles ta fice daga PBS a farkon 2011 kan rigimar kuɗin shekara, ta yi shekaru tana haɗa jadawalinta da kanta, sai bayan ta haɗe da maƙwabciyarta a 2018 ta dawo.

Yanzu abin ya fi tsanani. Tun dokar 1967 da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, gwamnatin tarayya ta riƙa ba da tallafi ta hannun hukumar CPB har zuwa 2025, wanda a shekarun ƙarshe ya haura dala miliyan 500 a shekara, kuma mafi yawansa kai tsaye ya riƙa zuwa tashoshi. A watan Yuli na 2025 majalisar dokoki ta janye dala biliyan 1.1 na shekara biyu, a watan Agusta hukumar ta sanar cewa za ta rufe. Tashar Boston ko ta New York na da masu hannu da shuni da za su cike giɓi. Ta ƙauye a Alaska ba ta da su. Kuma idan aka zo rage kashe kuɗi, shirin gida ne ke fara faɗuwa, don shi ke buƙatar ma'aikata, kyamara da man mota, alhali wanda aka turo daga sama maɓalli kawai za a danna.