Cutar farin ɗigo a jikin kifi: gishiri da haƙuri ne maganinta

Kiwon kifi ya shigo gidajenmu. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, wasu suna gina kwamin siminti su zuba ƴaƴan karfasa ko tarwaɗa. Wasu kuma suna ajiye ƙananan kifayen ado cikin akwatin gilashi. Sau da yawa, makonnin farko ne suka fi wuya. A lokacin ne cutar farin ɗigo takan ɓulla, kuma tana iya ƙarar da kifin kwami ɗungum cikin ƴan kwanaki.

Yadda za mu gane ta

Za mu ga ƙananan ɗige-ɗige farare a jikin kifi da fukafukansa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Kifi yakan riƙa goga jikinsa a bango, ya ƙi cin abinci. Idan cutar ta kai kunnuwansa, inda yake shaƙar iska, sai ya taso saman ruwa yana haki. Cutar ba ta kama mutum.

Wata ƙaramar ƙwaya ce ke kawo ta. Wani masani ɗan Faransa mai suna Fouquet ya bayyana ta tun a 1876. Takan shigo ta jikin sabon kifi, ko ruwan da aka kawo shi a ciki, ko raga da bokitin da aka yi aiki da su a wani kwami. Ta fi cin ƙarfin kifin da ya gaji da tafiya, ko ya matsu, ko ya sha sanyi. Saboda haka mu ƙara lura a watannin Disamba da Janairu.

Me ya sa take dawowa?

Kowane ɗigo ƙwaya ce guda da ta shige ƙarƙashin fatar kifi tana ci. A nan magani ba ya kai gare ta. Idan ta ƙoshi, sai ta faɗa ƙasan kwami, ta rarrabu ta zama ɗaruruwan ƴaƴa. Ƴaƴan sai su bazu cikin ruwa suna neman kifi. Wanda bai samu ba cikin kamar kwana 2, sai ya mutu. Bayan ƙwayar ta bar jikin kifi ne kaɗai magani ke kashe ta.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Sai su ga ɗigon ya ɓace, su ce kifi ya warke, su bar magani. Alhali ƙwayar tana ƙasa tana hayayyafa. A ruwa mai ɗumin digiri 25, takan kammala zagayenta cikin kamar mako guda. A ruwan sanyi kuwa takan ɗauki makonni.

Magani da gishiri

1. Mu auna gram 3 na gishirin miya ga kowace lita. Wato gram 60 ga bido mai lita 20, gram 600 ga tano mai lita 200, kilo 3 ga lita 1000.
2. Mu narkar da shi a bokiti tukuna. Mu raba kashi 3, mu zuba sannu a hankali cikin yini guda.
3. Mu bar ruwan da gishirinsa har kwana 14, ko da ɗigon ya ɓace. In ana ɗari sosai, mu ƙara mako guda.
4. Duk bayan kwana 2 ko 3, mu zuƙe dattin ƙasa da tiyo, mu sauya kashi 1 cikin 3 na ruwan. Sabon ruwan kaɗai za mu auna wa gishiri.
5. Mu rage abinci. In ana sanyi, mu rufe kwami da leda da dare, amma mu bar hanyar iska.

Kada mu sa kanwa a madadin gishiri, domin tana ƙara wa dattin ruwa dafi. Kada kuma mu ba shuka wannan ruwa, gishiri yana lalata ƙasar garka. Akwai wani maganin kanti mai launin tsanwa da ake sa wa kifin ado. Ƙasashe da yawa sun hana sa shi ga kifin da za a ci. Tarwaɗa kuma, da yake ba ta da ɓawo, ba ta jure magani mai ƙarfi.

Kula da matacin ruwa

Mataci yana ɗauke da soso, ko tsakuwa, wani lokaci da gawayi na musamman. Aikinsa bai tsaya ga tare datti ba. A jikin soso da tsakuwa akwai ƙwayoyi masu amfani, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke cinye dafin da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. A sabon kwami, sai bayan mako 4 zuwa 6 suke yawaita. Kafin nan ruwa yana saurin ɓaci, kifi ya raunana, cuta ta sami ƙofa.

Wanda ya ga cuta ya yar da sosonsa, ko ya wanke shi da sabulu, ya ƙara wa kifinsa wata masifa. Ga abin da ya dace:

- Mu matse soso a hankali cikin ruwan da muka ɗebo daga kwamin. Ruwan pompo yana da sinadarin kulor, irin na jabel, wanda ke kashe ƙwayoyin kirki.
- In za mu ƙara ruwan pompo, mu bar shi a buɗe ya kwana tukuna.
- In soso ya tsufa, mu sauya rabi, sai bayan wata guda mu sauya sauran.
- Kada mu kashe mataci da dare. Ƙwayoyin suna buƙatar ruwa mai gudana da iska.
- In za a sa maganin kanti, a cire gawayi, domin yana shanye magani. Gishiri kam bai dame shi ba.

Rigakafi ya fi magani

Duk sabon kifi, mu keɓe shi a tano na dabam har mako 3 kafin mu haɗa shi da na gida. Kada mu cika sabon kwami da kifi a rana guda. Kowane kwami da ragarsa da bokitinsa, mu kuma shanya su a rana su bushe sarai bayan aiki. Idan kifi ya ci gaba da mutuwa duk da gishirin, mu hanzarta sanar da ma'aikatan gandun daji masu kula da kamun kifi a yankinmu.