Daga Bakolori Zuwa Samaru: Yaushe Binciken Nukiliya Zai Rage Hayaƙi?

Duk wanda ya ratsa Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun da rani zai ji ƙarar injunan ban ruwa a fadama, da dare kuma ta janareto a kasuwa, ga kuma itacen girki jibge a bakin hanya. Dukansu suna fitar da iskar kabon, wadda masana suka tabbatar ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Shi ya sa ake tambaya ko kuɗin da ake kashewa kan binciken nukiliya zai rage wannan hayaƙi.

Dalilin sa rai a fili yake. Tashar nukiliya ba ta ƙona komai, zafin da ke fitowa daga tsagewar ƙwayar yuraniyom shi ke tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Bisa lissafin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2014, kowane kilowat na awa ɗaya yakan jawo kabon giram 820 in da kwal aka samo shi, 490 in da gas ne, amma kimanin 12 kacal in da nukiliya ne.

Sai dai bincike shuka ne mai jinkirin nuna. Faransa ta kafa hukumarta ta nukiliya a 1945, amma sai a 1974 ta shiga gina tashoshi gadan-gadan, har ta kai yau wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nan yake. Wani sashe na yuraniyom ɗin da ta yi amfani da shi kuwa daga Arlit ta Nijar aka haƙo.

A nan Nijeriya, an kafa Hukumar Makamashin Nukiliya da dokar soja ta 1976. A 2004 aka kunna injin bincike na farko a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A lokacin ƙarfinsa kilowat 30 ne kawai, kuma ba lantarki yake bayarwa ba. Aikinsa auna abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai, da horar da ɗalibai. Watau ya samar da ƙwararru, amma bai kashe ko janareto ɗaya ba tukuna. Hayaƙi ba zai ragu ba sai an gina tasha, an kuma ja waya har ƙauye. Ga shi kuwa a 2021 Nijeriya ta yi alkawarin daidaita kabon ɗinta kafin 2060.

Mutanen Mafara suna da darasin da za su bayar. An gama madatsar Bakolori a 1978, har da tanadin lantarki megawat 3, amma rikicin diyyar gonaki na 1980 ya ci rayuka. Babban aiki, in ba a shawarci masu ƙasa ba, tsadarsa takan wuce kuɗi. Wajibi ne ma'aikatan da ke tsara kasafi, da ɗaliban da za su gaje su, su riƙe wannan.