Dogayen Kalmomi Ba Su Ne Iya Turanci Ba

Akwai wani ra'ayi da ya yi jijiya a tsakaninmu, daga zauren gida har ajin sakandare, wai gwanin Turanci shi ne wanda in ya buɗe baki sai an nemo ƙamus. Shi ya sa ake ba yara jerin dogayen kalmomi su haddace, kowace da ma'anarta a gefe, sau da yawa an tara su ne kawai don sun fara da baƙaƙe iri ɗaya ko sun ƙare da su. Iyaye da malaman da ke yin haka alheri suke nufi. So suke yaro ya ci jarrabawa, kada kuma a raina shi a cikin 'yan boko. Ina girmama wannan niyya, amma hanyar ba ta kai wa inda ake so.

Mu ɗauki kalmar da aka fi burge yara da ita, mai baƙaƙe 45: pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis. Ba a asibiti aka haife ta ba. A 1935 ne Everett Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi a Amurka, ya harhaɗa ta don kawai ta fi kowace tsawo. Cutar huhun da take nufi, wadda shaƙar ƙurar dutse ke kawowa, silicosis likitoci ke ce mata. Ita kuwa antidisestablishmentarianism, mai baƙaƙe 28, sunan ra'ayin masu adawa da raba Cocin Ingila da gwamnati ne, rigimar da aka yi a ƙarni na 19. Yaron Kano ko Zariya zai gama jami'a, ya yi aiki har ya yi ritaya, bai buƙace ta ko sau ɗaya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen gajerun kalmomi. A babban ƙamus na Oxford, bugu na 1989, kalmar set mai baƙaƙe uku tana da ma'ana sama da 400, daga baya run ta zarce ta da 645. Ga put: in aka bi ta da off ta zama ɗage wani abu, da out ta zama kashe wuta, da up with ta zama jure wa abin da ba a so. Give up dainawa ce, give in miƙa wuya, give away kyautarwa ko tona asiri. Waɗannan ne Bature ke furtawa daga safe har dare, a nan kuma ɗalibanmu ke yin tuntuɓe. Ba a samun su da haddar jeri, sai da yawan karatu da sauraro, har kunne ya saba da mazaunin kowace.

Kamannin baƙaƙe ma yaudara yake yi. Yaron da aka koya wa cewa in a farkon kalma korewa ce, kamar a invisible, abin da ba a gani, zai ga inflammable a jikin tankar mai ya ɗauka ba ta kama wuta, alhali gargaɗi ake yi masa cewa tana saurin kamawa. Invaluable kuma ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce kimantawa ne.

Su kansu masu harshen sun daɗe da gane cewa dogayen kalmomi ba su ne gwaninta ba. A ƙarni na 16, da malaman Ingila suka riƙa kwaso kalmomin Latin da na Girkanci don nuna sani, sai aka laƙaba musu sunan kalmomin kurtun tawada, kuma Thomas Wilson ya soki ɗabi'ar a littafinsa na 1553. George Orwell ya shawarci marubuta a 1946 da su bar doguwar kalma matuƙar gajeriya za ta biya buƙata. A 2006 Daniel Oppenheimer, masanin halayyar ɗan Adam, ya wallafa binciken da ya nuna cewa masu karatu sun fi ɗaukar marubuci a matsayin mai ƙarancin basira idan ya cusa manyan kalmomi ba gaira ba dalili. A 2010 Amurka ta kafa doka da ta tilasta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a takardu da sauƙaƙan kalmomi. Ƙamus ɗin Michael West da iyayenmu suka yi karatu da shi ya bayyana dubban kalmomi ne da kalmomin da ba su kai 1,500 ba.

A gida ma muna da shaida. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin makaranta, ya burge duniya da Turanci mai natsuwa wanda kowa ke ganewa. Chinua Achebe ya rubuta Things Fall Apart, wanda aka wallafa a 1958, da kalmomin da ɗan sakandare zai bi, ga shi an fassara shi zuwa harsuna fiye da 50. Mu Hausawa kuma in muka ce mutum yana dogon Turanci, ai ba yabonsa muke yi ba.

Ban ce dogayen kalmomi ba su da amfani ba. Likita da lauya da injiniya suna da kalmomin sana'arsu, dole su san su. Sanin saiwoyi irin su bio na rayuwa da tele na nesa yana buɗe ƙofofi da yawa. Amma dogayen kalmomi wuri ake ba su a cikin jimla lokacin da ma'ana ta nema. Masu duba jarrabawar WAEC suna auna abin da ɗalibi ya faɗa, da tsarinsa, da yadda ya bayyana shi, da kurakuran rubutunsa. Doguwar kalmar da aka ajiye a inda bai dace ba maki take ragewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Roƙona ga malamai da iyaye shi ne, lokacin da ake kashewa wajen haddar jeri, a ba yaro littafin labari ya karanta, ya ba da labarin da bakinsa, sannan ya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya wadda duk wanda ya karanta zai gane abin da ake nufi.