Rufin Makaranta Zai Iya Sayar wa Kamfani Wuta?

Wutar lantarkin da ke isa Jega da Aliero da Maiyama daga nesa take zuwa. Tana biyo babban layin da ya taso daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, zuwa Birnin Kebbi, sa'an nan kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya raba ta ga jama'a. Alhali kuwa rana tana dukan rufin gidajen waɗannan garuruwa kusan duk shekara.

A irin wannan yanki, faifan sola mai ƙarfin kilowat 1 yakan ba da kimanin yunit 4 zuwa 5 a wuni. A ɗauki misalin makarantar da ta shimfiɗa faifai a rufinta. Ran Asabar da Lahadi da lokacin hutu, azuzuwa a kulle suke, amma faifan bai san hutu ba. To, ina rarar wutar za ta?

Ƙasar Jamus ta amsa wannan tambaya a shekarar 2000, da dokar da ta wajabta wa kamfanoni sayen irin wannan wuta a kan tsayayyen farashi har shekara 20. Na'ura biyu ake bukata: inbata, mai juya wutar faifai ta dace da ta layi, wato mai kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, da kuma mita mai ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita.

Sai dai akwai sharaɗi. Da zarar an ɗauke wuta, irin wannan inbata takan daina turawa nan take, domin kada ta halaka ma'aikacin da ya hau falwaya gyara. Ke nan ba a sayar wa mataccen layi wuta. Inda ake yawan ɗauke wuta da rana, cinikin ba zai yi armashi ba, dole a koma ga batir, ga shi kuwa da tsada.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Kafin a yanke farashi, wajibi ne a san awa nawa layi yake da rai tsakanin hantsi da la'asar. Wannan awo ne da ɗaliban sakandare, da na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, za su iya farawa da agogo da littafin rubutu kawai.