Lambun da Ake Ratayewa a Bango

A unguwannin Nima da Maamobi na Akra, samun inda za a ajiye tukunyar fure ma aiki ne. Gida ɗaya na ɗauke da iyalai da dama, tsakar gida kuwa murhu da igiyar shanya da jarkokin ruwan nan da ake kira galan ɗin Kufuor sun cinye ta. Bango kaɗai ya rage. Shi ya sa wata dabarar masu lambu a Amurka da Turai ta cancanci a duba ta: a naɗa waya ta zama zobe mai siffar gammo, a cusa mata abin da saiwa za ta kama, a dasa tsirrai masu kaurin ganye, a rataye. Su gansakuka suke cusawa. A Akra, zaren ɓawon kwakwa da ake zubarwa a bakin titi ya wadatar, in an wanke shi sosai an haɗa da yashi da ɗan taki.

Sai dai wanda ya saba da shuka alayyafo zai kashe wannan lambu cikin wata guda, kuma da ruwa zai kashe shi.

Dalilin yana cikin ganyen. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu su shaƙi iskar da suke haɗa abinci da ita, a nan kuma ruwan jikinsu ke tsiyayewa. Masu kaurin ganye da yawa sun juya lissafin. Da dare suke buɗewa, lokacin da gari ya yi sanyi, su adana iskar a matsayin wani sinadari mai tsami, da rana su rufe ruf su sarrafa shi da hasken rana. A 1815 aka buga bayanin Benjamin Heyne, wani likita Bajamushe da ke aiki a Indiya, wanda ya lura cewa ganyen shuka-halinka na da tsami da asuba, tsamin kuma ya gushe in rana ta ɗaga. Tsiron da ke tattalin ruwa haka ba ya bukatar a shayar da shi kullum. In saiwarsa ta kwana biyu a jiƙe, ruɓewa take, ganyen ya yi laushi ya yi ruwan ɗorawa, mai shi kuma ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara masa.

Ga yadda ake yi. A yanko rassa, a bar su a inuwa kwana uku zuwa biyar har bakin yankan ya bushe, sannan a soka su a zoben. A kwantar da shi wata ɗaya ko biyu kafin a rataye, don saiwa ta kama. Daga nan hannu ne ma'auni: a ɗaga, in ya yi shafal, a tsoma shi a daro na minti goma, a bar shi ya tsane. In da nauyi, a ƙyale shi.

Yanayin Akra na da nasa sharaɗi. Iskar teku na da laima, saboda haka zoben ba ya saurin bushewa kamar yadda zai yi a Kano. A watan Yuni, lokacin da damina ta fi ƙarfi, a mayar da shi ƙarƙashin rumfa. Hunturun Disamba zuwa Fabrairu ba ya damunsa, in ban da ƙura da za a riƙa kakkaɓewa. Ranar safe ta fi masa, amma bangon da kwano ke gasawa da azahar ƙona ganye yake.

A ganina kada a ɓata kuɗi kan nau'o'in ƙasar waje irin Echeveria na tuddan Meziko, waɗanda daren Akra mai ɗumi ke wahalar da su. Karan masallaci da ƙananan 'ya'yan moda sun fi jure wa gari. Tinya da aguwa kam a bar su can, domin ƙaronsu na ƙona fata da ido, ga yara a tsakar gida. Shuka-halinka ma na cutar da dabbobi in sun ci da yawa, don haka in an ɗaure ragon layya a gida, a ɗaga zoben sama inda bakinsa ba zai kai ba.