Farantin da Aka Liƙa Don Kare Pon Shi Ya Kashe Shi

A daminar bara wata kat-kat ƙirar Land Cruiser da ke jigila tsakanin Sanam da ƙauyukan ƙasar Kurfey ta kwana biyu a daji da buhunan wake a bayanta. Injin lafiya lau, tayoyi huɗu da iskarsu, amma pon na baya ya yi gurnani, ya yi zafi har ba a iya taɓa shi, daga nan haƙoran ciki suka farfashe. Da aka ja ta gareji aka leƙa ƙarƙashinta, sai ga wani ƙaton faranti da mai walda ya yanko daga tsohuwar sifirin, ya liƙe shi ram a gindin tulun pon, wai kariya daga duwatsu. Farantin ya rufe bushon ɗin da ake zubar da mai ta nan. Shekara biyu ke nan ba wanda ya taɓa man cikinsa, abin da ya fito kuwa da aka fasa ya fi kama da kunun kanwa.

Mai motar bai yi kuskure ba da ya so kariya. Duk direban da ya bar hanyar Filinge zuwa Tawa ya gangara cikin kori ya san tulun nan shi ne mafi kusa da ƙasa a duk jikin mota. A Land Cruiser jerin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984 kuma har yau ita ce jakar yankin, tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa ba ta wuce santimita 23 ko makamancin haka. Bayan tulun kuma ƙarfe ne marar kauri sosai. Dutsen marmara ɗaya ya isa ya lotsa shi har ya riƙa gogar babban haƙori, ko ya sare kan bushon mai ya tsiyaye a hanya.

Kuskuren yana wajen ɗaurawa, kuma ganganci ne da ake ta maimaitawa. Ana kai mota wurin mai walda da rana tsaka, man pon na ciki, shaf na ciki, boris na ciki, ya hura wuta a kai kamar yana gyaran ƙofar shago. Zafin yana dafa man, yana ƙona robar sil, wani lokaci ya karkatar da gidan aksul ɗin kansa, sai tayoyi su fara cin gefe ɗaya, a yi ta zargin mai faci. Kariyar da ake liƙawa da walda akwai ta a duniya, amma sai an sauke aksul an kwashe kayan ciki, ana yi kaɗan-kaɗan ana bari ya huce. Wa ke da wannan haƙurin ranar kasuwa?

Sai maganar bushon, wadda ita ce ta fi ban haushi. Pon ɗin Toyota bushon biyu gare shi, na zubarwa a ƙasa, na cikawa a baya, kuma sufana lamba 24 ke kwance su. Farantin da ya hana sufana shiga ya kashe pon tun ranar da aka ɗaura shi, jiran lokaci kawai ake. A saman aksul akwai ɗan hancin da yake shaƙar iska. Idan pon mai zafi ya faɗa ruwan kori a watan Agusta, yakan huce nan take ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta sil. Ruwa ya gauraya da mai, man ya koma fari-fari, haƙora su fara cin junansu. Maganinsa bai wuce a kwance bushon a duba ba, idan ya gurɓace a zubar a zuba sabon man giya mai alamar GL-5, kusan lita biyu da rabi. Kuɗinsa ko kusa bai kai na pon na hannu da za a nemo daga Yamai ba, balle kwanan daji a yankin da kowa ya san halin tsaronsa.

Wanda zai sa kariya ya nemi ta ƙarfe mai kaurin milimita 5 zuwa 6, wadda ake ɗaurewa da noti ko da maɗauri a jikin aksul, mai taga daidai kan kowane bushon. Ta rungumi tulun sosai, domin kowane santimita da ta sauko an rage shi ne daga tsayin mota, kuma a yashin Dallol Boso faranti mai faɗi garma yake zama. Kada maɗaurin ya matse tiyon birki. A bar 'yar kafa da laka za ta fita, a sake matse notocin bayan tafiyar farko a kan burji.

Direbobin Sanam da yaran mota, kafin ku biya mai walda ko mai sayar da faranti, ku kwanta ƙarƙashin motar da sufana lamba 24 a hannu. In ba ta kama bushon biyun nan ba, a cire farantin.