Mai Sayen Ƙuri'a Da Mai Sayarwa Duk Laifinsu Ɗaya A Gaban Shari'a

A zaɓen gwamnan Jihar Kaduna na ran 18 ga Maris, 2023, Uba Sani na APC ya sami ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP kuwa 719,196. Watau ratar da ke tsakaninsu 10,806 ce kurum, a jihar da ke da rumfunan zaɓe fiye da 8,000. In an raba, ba ta kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. Saboda haka duk mai cewa ƙuri'arsa ɗaya ba ta hana kome, ya sake lissafi.

Wannan magana ta shafi mutanen Kafancan, da Kagoro, da Kwoi, da Zonkwa, da Kachiya da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal. Da yawansu a gida suka yi rajista. In zaɓe ya matso, sai ka ji wani dillalin 'yan siyasa ya ɗauki nauyin kuɗin mota zuwa gida, amma da sharaɗin a dangwala wa wane. To, wannan sharaɗi shi ke mai da alheri toshiyar baki.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 25 ga Fabrairu na shekarar, ita aka yi zaɓen 2023 da ita. Sashe na 121 ya ce wanda ya ba da kuɗi, ko kyauta, ko alkawarin aiki don a zaɓi wani, za a ci shi tarar da ba ta wuce Naira 500,000 ba, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyu. Abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, wanda ya karɓa ma hukuncinsa ke nan. Sashe na 22 kuwa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga mai saye ko sayar da katin zaɓe.

An yi kame a jihar. Ran zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023 jami'an EFCC sun kama wata mata da katunan zaɓe 18 a Badarawa, cikin Kaduna. A watan Agusta 2025, gab da zaɓen cike gurbi na mazaɓar Chikun da Kajuru, 'yan sanda sun ba da sanarwar kama wani mutum da fiye da Naira miliyan 25 da suke zargin na sayen ƙuri'a ne.

Amma fa kame daban, hukunci daban. Dokar ta ɗora wa INEC nauyin kai masu laifi kotu, ga shi kuwa aikin shirya zaɓe ya sha mata kai. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman don laifuffukan zaɓe, har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba. Galibi ɗan aike da talaka ake cafkewa a bakin rumfa, mai jakar kuɗin yana gida. Tarar Naira 500,000 ba kome ba ce ga mai raba miliyoyi, amma ga ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta isa ta karya shi.

Akwai kuma hukuncin da ba na kotu ba. A daminar 2023 cuta ta cinye gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko, manoma suka tafka hasara. A irin wannan rana ake neman wakili mai jin kukan jama'a. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi ran zaɓe, da wane baki zai tambayi wanda ya riga ya biya shi? Mai shirin tafiya gida zaɓe ya tanadi kuɗin motarsa da guminsa, katinsa kuma ya zauna a aljihunsa.